Dillalin ciyawa

Abokaina na majalisa ne suka raɗa mini sunan, kuma ba da niyyar yabo ba. Ranar da na gaya musu abin da nake yi idan na tashi daga ofis, ɗayansu sai da ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa don ya ji daɗin yin dariya. Wai sun san dillalin gida, sun san na mota, sun san na shanu a kara, amma dillalin ciyawa a kaina aka fara. Sunan kuwa ya bi ni. Yanzu ko matata, in waya ta yi ƙara bayan sallar asuba, sai ta ce, "Malam, ɗauka, ciyawarka ce." Damina uku ke nan ina cikin harkar haɗa masu gida da masu gyara musu ciyawa. Tambayar da aka fi yi mini ita ce yadda abin ya faro, sai kuma wadda ake yi ƙasa-ƙasa: wai akwai samu kuwa?

Ni ma'aikacin lissafi ne a wani kamfani a Bompai da ke Kano, gidana yana Hotoro. Ba sai na tuna wa kowa abin da ya biyo bayan ranar 29 ga Mayu, 2023 ba. An ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, kuɗin A Daidaita Sahu ya tashi, kwanon shinkafa ya bi shi, albashi kuwa yana nan inda aka bar shi. Na fara lissafin abin da zan riƙa taɓawa a gefe. POS na fara tunani, sai na leƙa layinmu na ƙirga lema uku. Sayar da data kuwa ƙanena ma yana yi, kuma bashi ya fi ciniki yawa. Jari babu, lokaci ma sai daga la'asar zuwa magariba, da Asabar da Lahadi.

A watan Agustan shekarar kawuna ya kira ni daga Abuja. Gidansa yana unguwar Nassarawa a nan Kano, irin tsofaffin gidajen nan masu filin da za a iya yanka gida huɗu a ciki, ga dogayen darbejiya ga mangwaro. Iyalinsa suna ciki, shi kuma sai ƙarshen wata yake leƙowa. Ya ce, "Kai, ɗan nan, mai gadi ya kashe maciji a bakin ƙofar kicin. Ciyawa ta kusa haɗiye gidan. Ka nemo mini wanda zai gyara kafin Asabar." Na ce, "An gama, Kawu," don a zatona aikin minti goma ne.

Kwana huɗu na yi ina abu ɗaya. Mai gadi ya kawo samari biyu da langalanga, suna ganin girman get da motar da ke rumfa suka yanka kuɗin da ni kaina na ji kunyar faɗa wa Kawu. Wani da aka haɗa ni da shi a masallaci ya karɓi rabin kuɗi, ya sare gefe guda, ya ce zai je ya wasa adda ya dawo. Ina jin har yau wasawar yake yi. A rana ta huɗu direban ofishinmu ya ce in daina wahalar da kaina, in je wurin masu sayar da furanni na bakin titi, waɗannan da ke jera tukwane da baƙaƙen ledoji a gindin bishiyoyin Nassarawa. Shekara da shekaru ina wuce su a kan babur, ban taɓa taka burki ba.

A can na sami Baba. Dattijo ne siriri, hularsa ta koɗe, yana zaune a kan buhun taki yana cusa ƙasa a leda. Gadina ne, wato mai kula da ciyawa da furannin gida, tun yana saurayi. Ya yi aiki a gidajen manajojin masaƙu da na Kwarori a Bompai, lokacin da masana'antun Kano ke aiki dare da rana. Da masaƙu suka durƙushe, masu gidajen suka watse, sai ya dawo bakin titi. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, an ɗaure bayanta da roba.

Muna shiga gidan Kawu bai ce uffan a kan kuɗi ba. Ya ɗauki sanda yana bubbuga gabansa, ya zagaye filin kaf, sannan ya durƙusa ya yafito ni. Ya tura yatsa biyu cikin ƙasa, ya zaro wata ciyawa da saiwarta, ga wani ɗan ƙwallo baƙi maƙale a jiki. "Ka ga wannan, yaro? Aya-aya ce. In ka sare ta daga sama, aski kawai ka yi mata, kwana uku ta dawo da 'yan'uwanta. Sai an bi ta da hannu an tono 'ya'yan." Ya matsa gaba ya yaye wata mai yaɗo a ƙasa. "Wannan kuma kiri-kiri ce. Ita aka shuka tun asali, ita ce ta gida. Sauran duk baƙi ne." Ya shiga nuna mini baƙin ɗaya bayan ɗaya: harƙiya, ƙarangiya, tsidau, ga tofa can jikin katanga, ga tafasa ta kai gwiwa. Ni da duk wani kore a wurina ciyawa ce, na tsaya riƙe da makullin babur kamar ɗan aji ɗaya.

Kwana biyu shi da jikansa suka gama. Uwargidan Kawu ta ji daɗi, ta ba maƙwabciyarta labari, ita ma ta ce tana so. An ba ta lambar Baba, amma ni ta sa aka kira. A lokacin na ɗauka don wayar Baba ba ta cika shiga ba ne.

Da gida na uku ya biyo baya, kaina ya ɗau zafi. Na taɓa karanta cewa a Amurka akwai manhajojin da mai gida zai danna a waya, wani ya zo ya yanke masa ciyawa ko da ba su taɓa ganin juna ba. Na ce to, ga abin da Kano ta rasa. Na sa wani ɗan'uwanmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero ya fara zana mini tawa, na biya aka yi mini tambari mai kore-kore, na buɗe shafi a Facebook na zuba kuɗin talla. "Allah ya sa albarka" ta cika shafin. Waya biyu aka yi mini cikin wata guda, ɗaya ma aiki yake nema. Manhajar ba ta taɓa fita daga kwamfutar yaron ba.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ni ne na manta garin da aka haife ni. A nan har yanzu akwai gidajen da aka rubuta "ba shiga" a zaure, waɗanda ba su rubuta ba ma haka abin yake a ransu. Mai gida ya fita tun safe, ko yana Abuja ko Legas, cikin gida daga mata sai yara. Kai kuma ka ce a danna waya, wani ƙato da adda a hannu ya shigo har bayan kicin, ya yini yana ƙare wa ƙofofi da tagogi kallo. Wa zai yarda? Maƙwabciyar Kawu ni ta kira domin ta san gidanmu, ta san inda za ta kai ƙara.

Sai na sauko ƙasa, na bi masu gadi. Duk layin masu hali, masu gadinsa sun san juna, suna shan shayi tare da dare, sun san gidan da ciyawa ta yi yawa, da gidan da za a yi biki, da gidan da mai shi ba ya biya. Wanda ya kawo mini gida ina ba shi na goro. Sai zaurukan WhatsApp na unguwanni da na iyayen yara a makaranta. A nan matata ta shigo harkar, don na lura Hajiyoyi ba sa sakewa da ni a waya: gaisuwa, magana biyu, a kashe. Da ita kuwa sai su yi minti ashirin, a yi maganar ciyawa, a gangara kan turaren wuta, a dawo kan cewa yaron da ya zo jiya ya bar tiyo a rana. Ita ke riƙe da jadawalin aiki yanzu, kuma ta yanka wa kanta kaso tun kafin in yi tayi.

Wanda bai san Kano sosai ba zai ce, ina ma ciyawar take? Yana da rabin gaskiya. A cikin badala gida manne yake da gida, tsakar gida siminti. Sababbin gine-gine kuma intalok ake shimfiɗawa daga get har ƙofar falo. Ciyawar ado tana Nassarawa da Bompai, da wasu layukan Hotoro da Badawa da Tarauni, sai jefi-jefi wajen Janbulo da Rijiyar Zaki, da makarantun kuɗi da wuraren biki. Magana ce ta ruwa. Damina daga Yuni zuwa Satumba take, Agusta ne tsakiyarta. Daga Oktoba har wajen Mayu sai dai a kalli sama. Hunturu ya busar, bazara ta zo da zafin da ke kaiwa digiri 40 ta ƙarasa. Duk gidan da ka ga ciyawa shar a watan Afrilu, to akwai burtsatse a bayansa, da sola ko janareto. Ba wanda ke shayar da ciyawa da ruwan 'yan garuwa. Ni da nake sayen kura in famfo ya ɗauke, wani lokaci in na tsaya ina kallon tiyo yana malala a ƙasa sai in ji wani iri. Shi ya sa nake matsa wa yarana su yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, ba da rana tsaka da zafi zai shanye shi ba. In mai gida ya nemi shawara kuma kiri-kiri nake cewa ya shuka, don ta fi jure ƙishi a kan mai faɗin ganyen nan da ake kira kafet, wadda ta fi son inuwa da laima.

Kuɗin da ya fi kauri ma ba a ciyawar ado yake ba. Yana filaye da kangayen mutanen da ba sa gari. Mutum ya sayi fili ya kewaye, ko ya kai gini linta ya tsaya, shi yana Abuja ko Saudiyya ko Ingila. Damina ta sauka, wurin ya zama daji, maƙwabta su fara ƙorafin sauro da macizai da 'yan shaye-shaye. In tura hoto kafin aiki, in tura bayan aiki, ya turo kuɗi. Akwai waɗanda har yau muryarsu kawai na sani.

A watan Nuwamba na shekarar farko aka yi mini abin da ake yi wa kowane dillali. Akwai wani yaro da muke kira Dogo, daga wani ƙauye wajen Ɗambatta, gwani ne wajen askin shinge. Na haɗa shi da wani Alhaji a Bompai. Wata biyu ana biya ta hannuna, a na uku Alhaji ya ce a dakata tukuna. Wata Laraba ina komawa gida daga ofis, sai ga keken Dogo jingine a get ɗin, ga ƙarar almakashi daga ciki. Na wuce can gaba na tsaya, na zauna a kan babur ina huci.

Daren nan na je wurin baffana, wanda tun tasowarsa dillancin shanu yake yi, duk Juma'a yana kasuwar Wudil. Na zayyana masa komai, har da cewa daga yau zan sa yara su riƙa sa hannu a takarda ba za su karɓi lambar mai gida ba. Ya bar ni na gama, yana ɓare goro. Sannan ya ce, "To kai me ka sayar wa Alhajin? Lambar waya? Ai ya saya, ya biya, ta zama tasa. Kuɗin me zai ba ka a wata na uku?" Na yi shiru. Ya ce, "Mu a kara, mai saniya yana tsaye, mai saye yana tsaye, suna ganin juna, ba bebaye ba ne. Me ya sa suke ba mu la'ada? Saboda in saniyar nan ta fito ta sata bayan wata shida, wanda ya kawo ta ya tafi garinsu, ni za a zo a kama. Kuɗin tsayawa ake ba mu, ɗana, ba kuɗin nuni ba. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, ka san sauran." Ya ɗora da labarin fatoma, yadda a da baƙo zai zo da goro daga Gwanja ko da shanu daga nesa, ya sauka gidan fatoma, a ba shi ɗaki da tuwo, a nemo masa masu saye, in an ba da bashi kuma fatoma ne lamuni. Na sha jin wannan labarin daga bakinsa, amma a daren ne na saurara.

Washegari na sayi littafi mai kauri, irin na rajistar makaranta. Kowane ma'aikaci da shafinsa: hoto, kwafin takardar NIN, unguwarsu da mai unguwarsu, da sunan wanda ya tsaya masa da sa hannunsa. Ba na kuma yarda da abin da aka gaya mini da baki, ina zuwa da ƙafata in ga inda mutum yake kwana. Mutum uku suka ce wannan bin diddigin ya yi yawa a kan yankan ciyawa, suka tafi, ban riƙe su ba. Waɗanda suka zauna na gindaya musu sharuɗɗa: a yi sallama a get a jira izini, ba a wuce inda aikin yake, banɗakin mai gadi ake shiga, ba a ɗaga waya a ɗauki hoto sai ni na sa, ba a roƙon Hajiya komai ko da tsohon takalmi ne. Masu gida kuma na ce musu, in yaro bai zo ba wani zai zo kafin azahar, in an yi ɓarna ni zan biya, in abu ya ɓata ni za a nema. La'adata naira 15 ce cikin 100, kuma kowane ɓangare ya sani. Abin da na ƙi shi ne ɗabi'ar nan ta a ce wa mai gida naira 20,000, a ce wa ma'aikaci 10,000, a ninke sauran a aljihu. Ranar da suka haɗa lissafi, kuma za su haɗa, ka rasa su duka biyu.

Su ma ma'aikatan ashe mai tsaya musu suke nema. Babban kukan gadina ba ƙarancin kuɗi ba ne, "dawo gobe" ne. Alhaji yana barci, Alhaji ya yi tafiya, Hajiya ba ta da canji. Mutum ya yini a rana ya koma gida hannu rabbana, gobe ya kashe kuɗin mota ya dawo bin haƙƙinsa. Yanzu ana gama aiki alat ke shiga, ko a wayarsa ko ta mai POS ɗin unguwarsu, ni in bi mai gida ƙarshen wata. Wato kullum akwai kuɗina a waje. Akwai wani mai gida da har yau yake riƙe mini na wata biyu, in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu.

Abin da ban sa a lissafi ba, yawancin masu wannan aikin 'yan ci-rani ne. Suna shigowa birni bayan an kai amfani gida, ruwa na sauka su koma gona. Daidai lokacin da ciyawa ke haukan fitowa a birni, lokacin ne masu yankanta suke ƙauye suna shuka da noman fari. Dogo ya tafi a watan Yuni. Alhajin Bompai kuwa yana da walimar auren 'yarsa ranar Asabar, a kan ciyawar za a kafa rumfuna. Ranar Alhamis ya kira ni, ya yi ta gaisuwa har da tambayar yara da sunansu. Na ce, "Ranka ya daɗe, gobe bayan an sauko Juma'a za su zo." Ban tayar da maganar baya ba, ko da yake na maimaita wa matata labarin sau uku a daren. Dogo ma da ya dawo bayan kaka na karɓe shi, don hannunsa a shinge babu na biyunsa. Tun daga nan nake tabbatarwa rabin yarana 'yan gari ne da ba su da gona.

Askin kuturun ya zo a watan Oktoba na 2024. Wata Hajiya ce a Nassarawa, mijinta ya rasu, ciyawar gidan kuma shi ya sa aka shuka, tana ji da ita. Gara ta fara cin ta daga gefe, na tura wani sabon yaro ya yi feshin maganin gara. Injin feshin na goyo ne, guda ɗaya gare mu a lokacin, kuma kwana biyu kafin nan an yi aiki da shi a wani kango da maganin nan mai kashe ciyawa har saiwa. Yaron ya ɗauraye shi sama-sama. Irin wannan maganin ba ya nuna kansa nan take, sai bayan mako guda aka kira ni. Na shiga na tarar da filin ya yi zane-zane, layi kore, layi ruwan ɗorawa, daidai inda yaron ya bi ya dawo, kamar an shimfiɗa tabarma.

Hajiya tana zaune a baranda a kan darduma, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, na fara bayani: yaron sabo ne, injin kaza, rashin sani kaza. Ta ɗaga hannu. "Malam, ni ban san wani yaro ba. Kai na sani." Ko murya ba ta ɗaga ba. Na ce, "Haka ne, Hajiya. A yi haƙuri, za a gyara."

Baba ya zo ya duba, ya murza ƙasar a hannu, ya ce maganin ba ya zama a ƙasa ya hana sabuwar shuka, don haka ba sai an kwashe ta ba. Allah ya taimake ni a nan. Aka kankare matacciyar, aka zuba baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen takin shanu, ba ɗanye ba, don ɗanye da irin ciyawa yake zuwa, ga shi yana jawo gara. Baba ya sayo kiri-kiri buhu-buhu, ya zauna a inuwa ya yayyage ta tsinke-tsinke, suka dasa a layi, taƙi guda tsakani. Ban ruwa safe da yamma, ga hunturu yana shigowa, lokacin da ciyawa ke nawar yaɗo. Sai da aka yi wata biyu ƙasa ta rufe. Ribar wata uku ta tafi a nan. Yaron ban cire masa ko sisi ba, don ni na tura shi da injin. Na dai sayi injin feshi na biyu, na shafa wa na kisan jan fenti, kuma ba sa kwana ɗaki ɗaya. Hajiyar nan daga baya gida huɗu ta kawo mini cikin ƙawayenta na Islamiyya.

Kayan aiki a hankali na tara su. Injin yanka biyu, wanda ake turawa da wanda ake ratayawa a kafaɗa, duka na hannu na saya a Sabon Gari. Na ratayawar sai an gauraya masa fetur da baƙin mai. Wani ya ɗura masa fetur zalla, injin ya buga, sai da mai gyaran janareto ya ci nasa rabon. Injinan nawa ne, kuma hakan ma yana sa yaro ya yi tunani kafin ya tsallake ni, don langalanga ba ta askin da inji ke yi. Ɗaukar kaya sai A Daidaita Sahu, akwai wanda muka yi jinga da shi. Da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, dole na daina yawon gida ɗaya a Hotoro ɗaya a Kabuga; kowace rana da shiyyarta. Juma'a rabin yini ce, Asabar ɗin ƙarshen wata kuma ba fita sai ƙarfe 10 saboda tsaftar muhalli, alhali Asabar ce masu gida suka fi so a zo suna nan su sa ido.

Akwai wani samu da ban taɓa tunaninsa ba. A garin da kusan kowane lungu akwai akuya ko rago a ɗaure, ciyawar da aka yanke ba shara ba ce. Babbar Sallar 2024 ta faɗo ranar 16 ga Yuni, wato kiwon raguna ya kama cikin Afrilu da Mayu, lokacin da babu kore a ko'ina, harawa kuma ta yi tsada. Ɗanyar ciyawa daga gidan mai burtsatse a irin wannan lokacin, kafin a gama ɗura ta a buhu an yi cinikinta a bakin get. Kuɗin na yara ne, ba na taɓawa. Sharaɗi ɗaya ne: wadda aka yi wa feshi a rami ake binne ta, ko da mai rago zai yi magiya. Akwai kuma Alhajin da ya tare mu a get ya ce a sauke buhunan, shi ma yana da raguna a bayan gida, kuma ciyawarsa ce. Gaskiyarsa ne. Yanzu tun ranar farko nake tambaya, a tafi da ita ko a bari?

To, akwai samu? Ina da gida 23 na wata-wata, da makarantu biyu, da ma'aikata tara. Makarantun ne suka tilasta mini yin rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don ba sa tura kuɗi asusun mutum, kuma rasit suke so mai hatimi. A damina abin da ke shigowa yakan kusa kamo albashina. Daga Janairu zuwa Afrilu kuwa sai ya yi ƙasa sosai, mu koma rage rassan bishiya da sharar busasshen ganye da ban ruwa. In an haɗa shekara, kuɗin makarantar yara uku da man babur daga nan suke fita. Ban ajiye aiki ba, ba ni kuma da niyya. Abin da harkar ta cinye mini shi ne Asabar ɗina, da barcin bayan asuba, da ɗan mutuncina sau biyu da oga ya kama ni a bayan ofis ina rigimar farashin taki a waya.

Makon jiya abokin nan da ya ajiye kofi don ya yi dariya ya ja ni gefe bayan isha'i. Ƙaninsa ya gama sakandare, shekara biyu yana zaune, ko zan sa shi a ciki? Na ce wa zai tsaya masa? Ya ce, "Haba dillali, ni da kai?" Na ɗauko littafin daga jakata, na buɗe sabon shafi, na miƙa masa biro. Ya sa hannu yana gunaguni. Ranar Litinin da yamma na kai yaron wurin Baba a wani gida a Tarauni. Yana hango inji ya nufe shi. Baba ya ce ya dawo, ya tsugo ciyawa biyu ya ɗora masa a tafin hannu, ya ce wacce ce ta gida, wacce ce baƙuwa? Yaron ya juya su, ya sake juyawa, ya ce harƙiyar ce ta gida. Baba ya karɓe abinsa, ya miƙa masa manjagara, ya ce ya fara daga gindin mangwaro.